Abin da Gobe Za Ta Zo da Shi: Hadari, Hazo da Ɗari

Duk labaran da gidajen rediyo da telebijin ke bayarwa, labaran abin da ya riga ya wuce ne: taron da aka buɗe, jawabin da aka yi, baƙon da ya sauka, farashin da ya hau. Guda ɗaya tak ke magana a kan abin da bai zo ba tukuna, shi ne ɗan bayanin nan na ma'aikatar meteyo ta ƙasa, wanda akan ajiye can ƙarshe, sa'ad da masu sauraro suka soma naɗe tabarmi. Cikin minti biyu ko uku ake nuna taswirar Nijar, a ambaci Agadas, Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso, Tilaberi da Yamai, a faɗi inda ake sa ran hadari ko hazo, a ba kowane gari lambobi biyu, ɗaya na sanyin asuba, ɗaya na zafin azahar. Mutane da yawa ba sa jiran ƙarshensa. Waɗansu suna ɗaukarsa abin matuƙan jirgin sama ne, waɗansu kuwa sun daina ba shi gaskiya tun ranar da ya ce za a yi ruwa, aka kwana ba ko ɗigo.

Alhali kuwa a ƙasar da mafi yawan jama'arta ke ci daga gona da garke, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, inda kuma mafi yawan ɗakunan kwana na laka ne, da wuya a sami labarin da ya fi wannan shafar abincin mutum da makwancinsa. Manomin da ya zuba tiya biyar ta iri bayan ruwan yaudara, makiyayin da ya kwana da dabbobinsa cikin kwari, uwar da ta shimfiɗa wa ƴaƴanta tabarma jikin tsohon bango, dukansu sun yanke shawara a kan gobe, ko sun saurari meteyo ko ba su saurara ba.

Ilimin da aka gada

Duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a kafa ma'aunin ruwa na farko a Damagaram da Yamai, a farkon ƙarni na 20, malamai suna da lissafin taurari 28, bakwai ga kowane ɗaya daga lokuta huɗu na shekara. Kowane tauraro yana da kwana 13, sai Jabaha mai 14, jimla kwana 365. Dattijon ƙauye yakan tambayi liman ko an shiga Haƙa'a, ko Zira'a ta fita, kafin ya ce wa yara su ɗauko sungumi. Ban da lissafi, akwai alamu da kowa ya sani. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa bisa itacen tsakar gari. Gawo ya soma zubar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke tofo. Iska ta bar arewa maso gabas ta koma zuwa daga kudu maso yamma, fatar jiki ta daina kaushi, randa kuma ta rage sanyaya ruwa, domin laima ta shigo. Ranar da hadari zai zo kuwa, gari yakan yi tsit, zufa ta yi yawa, gabas ta yi duhu.

Wannan ilimi ba abin rainawa ba ne, da shi aka rayu ɗaruruwan shekaru. To amma yana da giɓi. Taurari suna faɗin lokacin shekara, ido kuma yana faɗin abin da zai auku nan da awa guda. Tsakanin waɗannan biyu akwai daren yau, da gobe, da jibi, kuma a cikin wannan tsakani ne mutum ke da damar gyara indararo, ko kwashe dami daga gona, ko fasa tafiya. Wanda ke tsaye a gonarsa a Tasawa ba ya iya hango hadarin da ke haɗuwa a Gure. Wannan giɓi ne aikin meteyo ya zo ya cike.

Yadda hadari ke tafiya

Abin da tsofaffi suka lura da shi, cewa ruwan kirki daga gabas yake zuwa, masana sun tabbatar da shi da na'urori. Iska iri biyu ke takara a bisa Nijar. Ɗaya busasshiya ce daga hamada, ɗaya mai laima ce daga tekun Gine. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa tun daga bazara, har ta kai Abzin a watan Agusta, sa'an nan ta sake gangarowa da kaka. Kudu da wannan iyaka ne kaɗai ake samun ruwa. Laima tana shigowa ta ƙasa daga kudu maso yamma, amma can sama, wajen kilometa uku zuwa huɗu, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura gizagizai. Shi ya sa laima ke zuwa ta wata kusurwa, ruwa kuma ya zo ta wata.

Mafi yawan ruwan da ke sauka a Sahel, wajen kashi 80 cikin 100 ko fiye, ba daga ƙananan gizagizai yake fitowa ba. Daga manyan jerin hadari yake zuwa, masu tsawon ɗaruruwan kilometa, waɗanda kan haɗu da la'asar a bisa tuddai irin na Abzin, da Jos, da Darfur, su kama hanyar yamma da gudun kilometa 50 zuwa 60 a awa. Gabansu akwai jar katanga ta ƙura da iska mai cire kwano, zafi kuma yakan faɗi da digiri goma cikin ƴan mintoci. Bayanta ruwa mai ƙarfi na rabin awa ko awa guda, sa'an nan yayyafi na awa biyu ko uku. Akan sami irin wannan kwana uku zuwa biyar tsakani idan damina ta zauna. Waɗansu daga cikin waɗannan taguwoyin iska, in sun fita teku ta wajen Senegal, su ne kan rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da ke rushe garuruwa a tsibiran Karibiyan da Amurka.

Lissafin da ke cikin wannan mai sauƙi ne. Hadarin da ya taso a Damagaram da la'asar yana iya isa Maraɗi bayan awa huɗu, ya ratsa Ƙonni cikin dare, ya tashi mutanen Yamai da asuba. Tun 1977 taurarin ɗan Adam na Meteosat ke tsaye a nisan kilometa 36,000 bisa tekun Gine suna kallon Afirka. Waɗanda suka fara aiki a 2004 suna aiko hoto kowane minti 15, sabon da aka harba a watan Disamba na 2022 kuwa kowane minti 10. Ma'aikacin da ke gaban na'ura a Yamai yana ganin hadarin tun yana jariri, yana ganin girmansa, yana ganin inda ya dosa. Awa huɗun nan da ke tsakanin Damagaram da Maraɗi ba ƙaramin lokaci ba ne ga wanda ya ji labari.

Yamai ma ba ƙaramin gari ba ne a wannan fanni. A nan cibiyar AGRHYMET take tun 1974, wadda ƙasashen CILSS suka kafa bayan babban farin farkon shekarun 1970. A nan cibiyar ACMAD take, mai hidima ga Afirka baki ɗaya, tana aiki tun 1992. A nan ne kuma hedkwatar hukumar kogin Isa. Ƙasashe kaɗan ne a nahiyar suka tara masana sararin samaniya kamar haka a gari guda.

Iyakar sanin masana

Duk da haka, mai dariyar nan yana da hujjarsa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Daga 1990 masu bincike suka shimfiɗa ma'aunan ruwa kimanin ɗari a kewayen Yamai, cikin fili mai faɗin kilometa ɗari da ƴan kai. Abin da suka gani shi ne abin da kowane manomi ya sani: ƙauyuka biyu da ba su fi kilometa 10 tsakani ba, ɗaya ya ƙoshi, ɗaya ya ƙone. Hadari yana iya rabewa gab da gari, ya zuba gabas da yamma, ya bar tsakiya da ƙura kawai. Idan aka ce za a yi ruwa a jihar Tawa, aka yi a Madawa ba a yi a Ilela ba, mutumin Madawa zai ce meteyo ta yi gaskiya, na Ilela ya ce ta yi ƙarya, kuma kowa abin da ya gani ya faɗa.

A 2018 waɗansu masana na Jamus suka gwada hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya a kan arewacin Afirka mai zafi. Suka tarar cewa, in ana maganar ruwan gobe a wuri guda, manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ƙyar suke kamo wanda ya buɗe littafin ruwan shekarun baya ya yi kintace da shi. A Turai hadari yakan zo da faɗin ƙasa guda, a bi shi kwana biyar. A Sahel yakan haifu cikin awa biyu daga zafin ƙasa da laimar wuri. Ga kuma ƙarancin awo: ƙasa mai faɗin murabba'in kilometa 1,267,000, amma manyan tashoshinta da suka daɗe suna aiki, irin su Bilma, Gigimi, Maine, Gure, Magarya, Ƙonni da Gaya, tazarar da ke tsakaninsu ta kai tafiyar yini. Tun 1963 kuma masanin nan na Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a awon yau yakan girma kullum, har ya lalata lissafi. Domin haka babu cibiyar da za ta iya faɗin ruwan wata rana ayyananniya fiye da mako biyu gaba, kome ƙarfin na'urarta.

Saboda haka hasashe yana da daraja hawa-hawa. Zafi da sanyi da hazo ana gane su kwana uku zuwa biyar kafin su zo, kuma galibi daidai. Ranakun da hadari zai yawaita a wani yanki ana gane su kwana ɗaya ko biyu gaba. Garin da zai sha ruwa kuwa, da yawan abin da zai sha, sai hadarin ya haɗu ake sani, wato awa biyu zuwa shida. Idan wayar salula ta nuna kashi 70 cikin 100, ma'anarsa cikin ranaku goma masu kama da wannan, bakwai akan yi ruwa, uku ba a yi. Wanda ya faɗa cikin ukun nan ba a yi masa ƙarya ba.

Shekarun ruwa

Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun girma da tsoro guda, rashin ruwa. Ƴaƴansu da jikokinsu sun gaji tsoro biyu. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya nuna cewa hadari mafi tsanani ya ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, domin hamada tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Ruwa ya dawo, amma da wani hali: yakan ɗauke kwana goma sha biyar, sa'an nan ya zubo na wata guda a dare ɗaya.

A farkon Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta fasa madatsarta ta shiga Agadas, garin da ba a san shi da ambaliya ba. A Satumba na 2020 kogin Isa ya kai kimanin mita bakwai a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi yana farawa daga santimeta 620, ya ɓalle shinge ya mamaye Lamorde da Saga da waɗansu unguwannin bakin kogi. Daminar 2024 ta fi su duka muni. Ranar 30 ga Agusta aka zuba wa Maraɗi kimanin milimeta 150 cikin ƙasa da awa biyu, mutum 15 suka rasu, a garin da ruwan shekararsa duka bai cika wuce milimeta 500 ba. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ruguje. Hanyoyin da suka haɗa Yamai da sauran ƙasa sun yanke na ƴan kwanaki, aka ɗage komawa makarantun boko zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa sun cika da waɗanda suka rasa gidaje. Da aka rufe lissafi, gwamnati ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu, da fiye da miliyan ɗaya da rabi da abin ya shafa.

Kalmar milimeta ba ta tsoratar da kowa, domin ba a fassara ta. Milimeta ɗaya lita guda ce a kan kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, in aka yi ruwan milimeta 150, lita 2,400 ta sauka bisa rufinsa, wato tano goma sha biyu. Idan indararo ya toshe, ko azara ta tsufa, ko gindin bango ya kwana uku cikin ruwa, sauran labarin sananne ne. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan shekaru, ko dai ɗaki ya faɗa musu, ko ruwa ya tafi da su wajen ƙetare ƙorama. Duka biyun abubuwa ne da gargaɗin awa uku ke iya ragewa.

Abin tunani a nan shi ne, tun watan Afrilu na 2024 masanan ƙasashen Sahel suka taru suka sanar cewa daminar za ta fi yadda aka saba ruwa, kuma akwai haɗarin ambaliya. An faɗa, an rubuta, an sa hannu. Kanibo nawa aka yashe tsakanin Afrilu da Agusta? Bango nawa aka yi wa yaɓe saboda wannan sanarwa?

Hunturu da abin da ke tafe da shi

Da kaka ta wuce, mutane sukan ɗauka aikin meteyo ya ƙare sai baɗi. Ba haka ba ne. A arewacin Cadi, tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, akwai kwarin Bodele, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Idan iskar arewa ta matse tsakanin duwatsun nan biyu, takan ɗebi farar ƙasa mai laushi kamar gari, ta yi yamma da ita. Cikin kwana ɗaya ko biyu hazo, wanda waɗansu ke kira buda, ya rufe Difa da Damagaram da Maraɗi, rana ta koma kamar faranti, jirgin sama ya kasa sauka, direba ya kunna fitila da hantsi. Tauraron ɗan Adam yana ganin tashin ƙurar nan tun daga tushenta, shi ya sa hazo na cikin abubuwan da aka fi iya faɗa tun da wuri.

Ɗarin ma yana da asali. Iskar da ke sa muku-muku a Tawa takan faro ne daga sanyin Turai da tekun Bahar Rum, in ya gangaro arewacin Afirka. Irin wannan sanyi ne ke zubar da dusar ƙanƙara a duwatsun Maroko da Aljeriya, wani lokaci har bakin hamada. A garin Ain Sefra na Aljeriya, wanda ke bisa tudu mai kimanin mita dubu, an ga farar dusa ta lulluɓe jan rairayi a Fabrairu na 1979, aka sake gani a Disamba na 2016, da Janairu na 2018, da na 2021, da na 2022. Ƙasar Hausa ba ta san dusar ƙanƙara ba, ƙanƙarar da ta sani ita ce mai zuwa da hadari tana yage ganyen dawa. Amma idan aka ji labarin dusa a Aljeriya ko Libiya, sau da yawa ƴan kwanaki kaɗan ne hunturu zai ƙara ƙarfi a Nijar. A Bilma ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri a Janairu na 1995, a tsaunin Bagzan kuma, mai tsawon fiye da mita dubu biyu, raɓa takan daskare bisa ganyen lambu.

Abin da ya fi wahalar da jiki shi ne tazarar da ke tsakanin dare da rana. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, sama kuma a buɗe take ba girgije, saboda haka abin da ƙasa ta sha da rana takan amayar da shi da dare. A watan Janairu mutumin Maraɗi ko Damagaram yakan tashi cikin digiri 13 ko 14, azahar ta same shi cikin digiri 30. Jarirai da tsofaffi da almajirai masu kwana a zaure su ne ke biyan kuɗin wannan, da tari da ciwon haƙarƙari. A daren ɗari ne ake shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙin gawayi ya yi kisa ba tare da ƙara ba, ko tartsatsi ya kama zana. Busasshiyar ƙura kuma tana fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar sanƙarau ƙofa. Annobar 1995 ta kama dubun-dubatar mutane a Nijar, ta 2015 ta kama kimanin 8,500, ta kashe fiye da 500. Shi ya sa ACMAD ke fitar da takardar gargaɗin sanƙarau a lokacin rani, bisa awon ƙura da bushewar iska, domin likitoci su shirya.

Sai bazara. A watan Afrilu digiri 41 abin yau da kullum ne a Yamai, Bilma kuwa ta wuce 48 a 2010. Ranar 3 ga Afrilu na 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, wani babban gidan likita na Bamako kuma ya ƙidaya mutuwa 102 cikin kwana huɗu. Zafi ba ya rushe bango, ba ya barin hoton da za a nuna a telebijin, domin haka ba a cika lissafa gawarsa ba. Ga shi kuwa shi ne abin da masana suka fi iya hangowa.

Batun gaibu

Akwai masu ƙin sauraron meteyo saboda tsoron Allah, suna ganin faɗin ruwan gobe kutse ne cikin abin da Ubangiji ya keɓe wa kansa. Tsoron nan abin girmamawa ne, amma a dube shi da kyau. Matar da ta ga gabas ta yi baƙi ta kwashe shanyar hatsi, babu wanda ya ce ta yi da'awar sanin gaibu. Ungozomar da ta dubi mai ciki ta ce haihuwa ta kusa, alama ta karanta. Ma'aikacin meteyo ma alama yake karantawa, sai dai idonsa yana can sama, yana ganin gabas tun daga Cadi. Bai ce shi zai saukar da ruwa ba, bai iya hana shi ba, kuma yakan yi kuskure, abin da ke nuna iyakarsa a fili. Mutanen da ke fita roƙon ruwa idan ya ɗauke, su ne kuma ke gyara rumbu kafin ya zo. Ba a taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba.

Daga Yamai zuwa bakin rumbu

Babbar matsala ba ta sama ba ce, ta ƙasa ce. Labarin da ya tsaya a ofis cikin Faransanci, da taswira mai launi da kalmomin masana, bai ceci kowa ba. Bayan guguwar 1859 da ta nutsar da jirgin ruwan Royal Charter da mutum fiye da 400, Robert FitzRoy na Ingila ya fara gargaɗin guguwa a 1861, kuma bai dogara ga jarida kaɗai ba. Ya sa ana ɗaga alamu bisa dogayen sanduna a bakin teku, domin masuncin da bai iya karatu ba ya gani. A Bangaladash guguwar 1970 ta kashe mutum 300,000 ko fiye, ta 1991 kimanin 138,000, ta 2007 kuwa ƴan dubbai. Guguwa ba ta yi sauƙi ba. An gina mafaka, aka horar da dubban ƴan sa kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Majalisar Ɗinkin Duniya, da ta ƙaddamar da shirin gargaɗi ga kowa a 2022, ta dogara ga lissafin cewa sanarwar awa 24 tana rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100.

Nijar ba ta rasa hanyoyi ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara rediyon karkara a Bankilare, yau sun bazu ko'ina. Akwai mai shela, akwai lasifikar masallaci, akwai tashar mota da ranar kasuwa, akwai saƙon murya na WhatsApp da ke isa ƙauye kafin mota ta isa. Tun Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗauki Hausa harshen ƙasa. Harshen nan ba ya rasa kalmomi: ya san yayyafi, ya san mamako, ya san marka, ya bambanta iska da guguwa, hazo da ƙura, sanyi da ɗari. Abin da ya rage shi ne a faɗi abu huɗu a sarari, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci: ina ne, yaushe ne, wane ƙarfi, me ya kamata a yi. Ace wa mutanen Gidan Rumji hadari mai iska yana tafe tsakanin isha'i da tsakar dare, kada a kwana cikin ɗakin da ya tsage, kada a ƙetare gulbi, a fitar da dabbobi daga kwari, a nisanci gindin itace saboda aradu.

Manomi ma yana da tasa buƙata. Masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore sun daɗe da nuna cewa shuka ba ta da aminci sai an sami kimanin milimeta 20 cikin kwana uku, ba tare da ruwa ya ɗauke fiye da mako guda a bayansa ba. Wanda ya ji cewa bayan ruwan fari akwai kwana goma na bushewa, yana iya riƙe irinsa, ko ya shuka rabin gona. Mai binne yana so ya san ranar iska, domin rairayi na binne tsiron hatsi ko ya ƙone shi. Mai harawa da mai dami a watan Oktoba suna so su san ko akwai ruwan ƙarshe. Makiyayi ya san cewa saniyar da ta sha wuyar rani, ruwan fari mai sanyi ne ke ƙarasa ta.

Nauyin ba na ma'aikatar meteyo kaɗai ba ne. A kanta akwai faɗin gaskiya game da iyakarta, har ma ta riƙa bayyana wa jama'a a ƙarshen damina sau nawa ta dace, sau nawa ta kuskure, domin amana da lissafi ake gina ta. A kan gwamnati akwai ƙara tashoshin awo da kula da waɗanda ke akwai. A kan magadan gari akwai yashe kanibo tun watan Mayu, da hana sayar da filaye cikin hanyar ruwa, da nuna wa kowace unguwa inda za ta fake tun kafin dare ya yi, domin gargaɗi ba shi da amfani ga wanda ba shi da wurin zuwa. A kan gidajen rediyo akwai katse waƙa idan jan gargaɗi ya fito. A kan mai gida kuwa akwai hawa soro ya duba indararo, da haƙurin tashin iyali sau uku a banza saboda dare na huɗu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shamuwa za ta dawo, gabas za ta yi duhu, hunturu zai biyo baya da ƙurarsa, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Abin da ya sake shi ne, yau akwai mai gani daga nesa, kuma yana faɗa kowace rana. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye ɓarnarta.